Katin Banki a Hannun Ƙaramin Ɗan Kasuwa: Ta Ina Kuɗin Ke Zurarewa?

Daga Ɗorayi zuwa masana'antun Sharaɗa a Kano tafiyar 'yan mintuna ce a adaidaita-sahu, kuma abincin mutanen unguwar da yawa ya rataya ne a kan wannan kusanci. Akwai masu sarin bokitai, kujeru da takalman roba daga bakin kamfani su rarraba wa shaguna. Akwai masu tara tsofaffin robobi su niƙa su mayar wa masana'anta, da masu kai ƙirgi majemun Chalawa, da masu gidan burodi da na ruwan leda, da masu ɗauko kaya daga Bompai zuwa kasuwannin Singa da Sabon Gari. A da jarin irin waɗannan mutane a aljihun babbar riga yake yawo, ko a ƙulle cikin buhu. Yau yana banki, kuma ɗan kati da layin waya ne ke iko da shi.

Idan aka wayi gari kuɗi sun ɓace daga asusu, maganganu uku aka fi ji: "an yi min kutse", "ma'aikatan banki ne", ko "BVN ɗina aka samu". Sai a biyo da ta huɗu, wai ai dole banki ya biya. Kowace tana da ɗan ƙamshin gaskiya, amma yadda ake cakuɗa su ya sa mutane na tsare inda ba a shiga, suna barin inda ake shiga a buɗe.

Kalmomin da ya kamata a bambance

Abin da muke kira katin ATM katin cirewa ne: duk abin da aka saya ko aka cira da shi, nan take ake zare shi daga kuɗin mai asusu. Ya sha bamban da katin bashi da ya yawaita a Amurka da Turai, inda banki ke biya tukuna, mai kati ya biya shi daga baya. Idan aka damfari mai katin bashi, kuɗin banki aka taɓa, shi kuwa sai ya yi jayayya kafin ya biya. Idan aka damfari mai katin cirewa, jarinsa ne ya tafi, jayayyar kuma a bayan asara ake yin ta. A Najeriya katin cirewa ne a hannun kusan duk mai kati, ko Verve ne, ko Mastercard, ko Visa, ko AfriGo da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ƙaddamar a Janairun 2023.

A jikin katin akwai doguwar lamba, mafi yawa mai alƙaluma 16, da watan da shekarar da zai daina aiki, sai alƙaluma uku a baya da ake kira CVV. Waɗannan ukun sun isa a yi sayayya a wasu shafukan intanet ko da katin na aljihun mai shi. PIN ita ce lambar sirri mai alƙaluma huɗu da ake dannawa a na'ura. OTP lamba ce ta amfani sau ɗaya, banki ke turo ta waya don tabbatar da cewa mai asusun ne ke son fitar da kuɗi. USSD su ne lambobin da ke farawa da tauraro, waɗanda ake tura kuɗi da su ko a ƙaramar waya marar intanet. POS kuwa ita ce na'urar hannu da ake zura kati, har sunanta ya zama sunan sana'a.

BVN, lambar tantancewa mai alƙaluma 11 da aka soma a Fabrairun 2014, ita aka fi yi wa mummunar fahimta. Ita kaɗai ba ta fitar da ko kwabo daga asusu. Amfaninta ga ɗan damfara shi ne ta kai shi ga cikakken suna da ranar haihuwa, waɗanda zai karanto wa mutum a waya har ya yarda daga banki ake magana.

Yadda aka zo nan

Wajajen 2010 CBN ya tilasta wa bankuna barin tsohon kati mai dogaro da baƙin zanen maganaɗisu na baya, wanda kwafarsa ba ta da wuya, suka koma mai ɗan ƙarfen nan ruwan zinariya a gaba. Kwafar wannan ƙarfe aiki ne ja, shi ya sa masu damfara suka rage wahalar da kansu da na'ura, suka koma kan mai katin.

Tsarin rage amfani da tsabar kuɗi ya fara a Legas a 2012, ya iso Kano a Yulin 2013, amma 'yan kasuwa da yawa ba su ɗauke shi da muhimmanci ba sai da canjin kuɗi ya zo. A Oktoban 2022 gwamnan CBN na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya takardun naira 200, 500 da 1,000. Watannin farko na 2023 tsaba ta yi ɓatan dabo, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. A 'yan makonnin nan dattijon da bai taɓa danna PIN ba ya koya dole, mai shayi da mai kayan miya suka buɗe asusu a OPay, Moniepoint ko PalmPay. An shiga tsarin a guje, ba wanda ya tsaya koyar da tsaro.

Alƙaluman NIBSS, cibiyar da ke daidaita hada-hada tsakanin bankuna, sun nuna asarar damfara ta haura naira biliyan 17 a 2023, ta zarce biliyan 52 a 2024. Rahotanninta kuma sun sha nuna cewa hanyar da ta fi kowace yawa ita ce yaudarar mutum ya ba da sirrinsa da bakinsa.

Hanyoyin da ake bi

Musayar kati ita ce tsohuwar dabara, kuma har yanzu tana ci. Mutum na gaban na'urar ATM, ta ƙi ba shi kuɗi, layi ya yi tsawo, na baya na tsaki. Sai wani mai tsaftatacciyar shiga ya matso: "Baba, kawo in taimaka maka, ba haka ake sa shi ba." Ya karɓi katin, ya goga a riga, ya zura, ya ce a danna lamba, idonsa na kan yatsu. Na'ura ta sake ƙi. Ya miƙo kati mai launi ɗaya, na banki ɗaya, ya ce sai dai a gwada anjima. Katin da ya miƙo matacce ne. Na gaskiyar yana tafin hannunsa, kuma kafin Baba ya isa gida an zagaya da shi wurin masu POS uku ko huɗu. Mutane kaɗan ne ke duba sunan da ke jikin katin da aka dawo musu da shi.

Ta biyu kiran waya ne, kuma yanzu da Hausa tsantsa ake yin sa, da sallama da "ranka ya daɗe, Alhaji". Mai kiran zai ce za a rufe asusu saboda ba a haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ba, ko kati ya kusa mutuwa, ko sunan mutum ya fito a wani tallafi. Yana da wayon zaɓar lokaci: duk sanda hukuma ta ba da wa'adi na gaskiya, kamar umarnin CBN na Disambar 2023 cewa a haɗa ƙananan asusu da BVN ko NIN, ƙaryarsa na samun gindin zama. Ƙarshen zancen kullum ɗaya ne, a karanto lambar kati, sannan a karanto lambar da ta shigo yanzu. Babu bankin da ke neman PIN ko OTP ta waya, kuma ma'aikacin banki na gaskiya ba ya buƙatarsu don gyara komai.

Ta uku ita ce mutanen Kano suka fi raina haɗarinta: layin waya. Ƙwacen waya ya yi ƙamari a birnin har majalisar tsaron jihar ta ayyana shi a matsayin fashi da makami a 2023. Wanda aka ƙwace wa waya yakan yi jimamin kuɗin wayar, alhali ɗan layin da ke ciki ya fi ta tsada nesa ba kusa ba. Cire shi kawai za a yi a sa a wata waya. Tsofaffin saƙonnin alat za su faɗi bankin mutum, OTP kuma nan zai riƙa shigowa. Idan aka yi rashin sa'a katin na maƙale a bayan rigar wayar, kamar yadda matasa da yawa ke yi, to an haɗa wa ɓarawo komai wuri guda. Ƙa'idar CBN ta 2018 ta taƙaita abin da za a iya fitarwa ta USSD zuwa naira 100,000 a rana, amma wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai sarin leda.

Masu POS mafi yawansu matasa ne masu neman halal, kuma su ma ana damfararsu da alat na bogi. Sai dai a cikinsu akan samu mai ƙara sifili a kan adadin da aka faɗa, ko mai cewa "bai shiga ba, sake dannawa" alhali ya shiga, ko mai kai kati ƙarƙashin tebur ya ɗauki hotonsa gaba da baya. Kallon allon na'ura kafin danna PIN da karɓar rasit suna maganin biyun farko. Na ukun kuwa, kada katin ya ɓace wa ido.

Sai wadda ba a son faɗa. A shago da yawa katin maigida na hannun yaron shago, ko ƙane, ko direban da ke ɗauko kaya, kuma PIN ɗin shekarar haihuwa ce ko ƙarshen lambar waya, wani lokaci ma a rubuce a bangon littafin bashi. Maigida ba zai iya barin shago ya bi layin biya a kamfani ba, dole ya aika. Yaron na iya zama mai gaskiya ɗari bisa ɗari. Amma shi ma ana iya musanya masa kati, ana iya ƙwace masa waya, ana iya kiransa a ruɗe shi. Duk mutumin da aka ƙara a kan sirrin, an ƙara wurin da za a iya kamawa. Kuma kuɗin da ke bayan katin ba na maigida kaɗai ba ne: akwai kuɗin kayan da aka karɓo bashi, da kafin alƙalamin abokan ciniki, da adashin da aka ba shi ajiya.

Wa zai biya?

Mutane da yawa sun ji cewa Hukumar NDIC ta ɗaga inshorar ajiya a 2024 daga naira 500,000 zuwa miliyan 5 a manyan bankuna, suka ɗauka duk kuɗin da ya ɓace za a biya. Inshorar ta rushewar banki ce, irin abin da ya faru da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024. Ba ruwanta da kuɗin da ɗan damfara ya kwashe daga banki mai rai.

Haka ma ƙa'idar CBN ta Yunin 2020, wadda ta ce idan na'urar bankin mutum ta zare kuɗi ba ta bayar ba a mayar nan take ko cikin awa 24, ta wani banki cikin awa 48, ta POS da intanet cikin awa 72. Wannan maganar cinikin da ya maƙale ce. Damfara daban take, domin a idon na'ura cinikin ya tafi daidai: kati na gaskiya, PIN na gaskiya. Takardar da ake sa wa hannu ranar karɓar kati tana ɗora wa mai shi alhakin ɓoye lambarsa, kuma da ita banki zai kare kansa. Wanda ya amsa da bakinsa cewa yaronsa ya san PIN ya raunana ƙorafinsa tun kafin a fara bincike.

Ba a nan kaɗai ɗan kasuwa ke cikin wannan hali ba. A Amurka dokar 1978 ta ce wanda ya kai rahoton ɓatan katinsa cikin ranakun aiki biyu ba zai yi asarar fiye da dala 50 ba, amma kariyar ta asusun amfanin kai da iyali ce, ba ta haɗa da asusun kasuwanci ba. Birtaniya ta bi wata hanya: daga 7 ga Oktoban 2024 wanda aka yaudara ya tura kuɗi da hannunsa ana mayar masa har fam 85,000, bankin da ya tura da wanda ya karɓa su raba asarar biyu, kuma ƙananan sana'o'i na ciki.

Inda ra'ayi ya rabu

Bankuna na cewa sakacin masu asusu ne, kuma yawancin abin da ake kamawa yana goyon bayansu. Masu asusu na cewa da hannun na ciki, suna tambayar yadda mai kira ya san sunansu da bankinsu. Wannan ma ba zargi ne na banza ba, domin rahotannin cibiyar horar da ma'aikatan kuɗi ta FITC suna lissafa ma'aikatan banki da aka samu da hannu a damfara har aka kore su. Sai dai bayanan mutum ba a banki kaɗai suke ba. Suna jikin fom ɗin tallafi, da shagon da aka yi rajistar layi, da manhajojin bashi. Akwai kuma tambayar da ta fi dacewa a yi wa bankuna: kuɗin sata a wani asusu suke sauka, to wa ya buɗe shi, da wace shaida? Dakatar da OPay, PalmPay, Moniepoint da Kuda daga ɗaukar sababbin masu asusu da CBN ya yi daga Afrilu zuwa Yunin 2024, har suka ƙara tsaurara tantancewa, ya nuna hukuma ta san da wannan giɓi.

Wasu dattawan kasuwa na ganin a koma tsaba a huta. Wanda ya taɓa ɗauko miliyoyi a buhu daga kasuwar Kantin Kwari da magariba ya san wannan ba hutu ba ne, ga shi kamfanoni da yawa sun fi son a biya ta banki.

Ra'ayin da ya fi wuyar amsawa na zumunci ne. Maigida zai ce hana ɗansa ko yaron da ya shekara goma a hannunsa lambar kati tamkar ce masa ɓarawo ne. Amma a duba ta ɗaya gefen. A fiƙihu wanda aka ba amana ba ya lamunin abin da ya salwanta a hannunsa sai an tabbatar ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Idan mutum huɗu suka san PIN ɗaya, kuɗi suka fita da tsakar dare, ba mai iya tabbatar da komai, sai zargi ya hau kan wanda ya fi rauni a gidan. Raba yaro da babban asusu kariya ce gare shi kafin ta zama kariya ga jari.

Abin da ke rage asara

Matakin da ya fi kowane tasiri shi ne raba asusu biyu. Ɗaya na jari, wanda ba shi da kati ko kaɗan, ba a buɗe masa USSD ba, layinsa kuma yana gida a wayar da ba ta fita. Ɗayan na aike, mai kati, wanda ake zuba masa kuɗin sayayyar ranar kawai. Ba a tura yaro kasuwa da mabuɗin rumbu; mudun da ake buƙata ake aunar masa. Masu ƙorafin caji su yi lissafi: a jadawalin CBN na 2020 kuɗin taransifa tsakanin bankuna bai wuce naira 50 ba ban da haraji, sai naira 50 ta gwamnati a kan abin da ya kai naira 10,000. Babban biya ga kamfani kuwa, maigida ya tura da kansa daga inda yake zaune, yaro ya je da shaidar biya ya ɗauko kaya.

Wanda ya yi wa sana'arsa rajista da Hukumar CAC zai iya buɗe asusu da sunan kasuwancin, ya raba shi da kuɗin cefane. Idan abokan tarayya ne, suna iya sharɗanta cewa sai mutum biyu sun amince kuɗi ke fita.

Manhajojin bankuna da yawa suna ba da damar ƙayyade abin da kati zai iya fitarwa a rana, da kashe sayayyar intanet ko ta ƙasashen waje. Wannan na ƙarshen ya ƙara muhimmanci tun da wasu bankuna suka dawo da amfani da katin naira a waje a tsakiyar 2025, domin ba kowane shafin waje ke neman OTP ba. Mai katin da ake dangwalawa a na'ura ba tare da PIN ba ya san cewa ƙa'idar CBN ta 2023 ta yarda a fitar da har naira 15,000 a ciniki ɗaya, 50,000 a rana, ta wannan hanya.

Layin waya ma yana da nasa PIN, daban da makullin allon waya, kuma kaɗan ne ke kunna shi. Idan an kunna, duk wayar da aka sa layin sai ta nemi lambar. A yi kuskure sau uku ya kulle. Aikin minti biyu ne a saitin waya. Alat na saƙo kuma kada a kashe shi don tsimin 'yan nairori. Idan yaro ya bar aiki, ko da lafiya aka rabu, a sauya PIN ranar.

Idan ta riga ta faru

Kuɗin sata ba sa kwana a inda suka fara sauka. Ana rarraba su zuwa wasu asusun, a cire a wurin masu POS. Saboda haka toshewa ake fara yi kafin neman wanda ya yi. Bankuna suna da lambar USSD ta rufe asusu wadda ake iya dannawa daga wayar kowa, a da yawansu tana ƙarewa da 911. Ya kamata mai shago ya nemi ta bankinsa tun yau, ya rubuta a takarda, domin wadda aka adana a waya tare da wayar take tafiya. Daga nan sai a kira kamfanin layi a rufe shi.

Tun 2015 CBN ya umarci bankuna su kafa teburin yaƙi da damfara mai aiki dare da rana, wanda zai iya neman bankin da kuɗin suka shiga ya daskarar da asusun. A kai ƙorafi a rubuce, da kwanan wata, da adadi, da hoton alat, a kuma karɓi lambar shaidar ƙorafi. Rahoton 'yan sanda na da amfani, domin sau da yawa bankin da ya riƙe kuɗin ba ya sakinsu sai da umarnin kotu. Idan mako biyu ya wuce banki bai warware ba, ana iya ɗaukaka maganar zuwa Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa na CBN. Hukumar EFCC na da ofishi a Kano, kuma dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci a kan damfarar kati.

Ta ɓangaren hukuma, an fi matsa wa inda kuɗin ke fita. A 2024 an wajabta wa masu POS rajista da CAC, a Disambar shekarar kuma CBN ya taƙaita abin da mutum ɗaya zai cira a wurinsu zuwa naira 100,000 a rana, sannan a 2025 ya ba da umarnin a ɗaure kowace na'ura da wurin da aka yi mata rajista. Idan aka aiwatar da waɗannan da gaske, kwashe babban kuɗi da katin sata zai ɗauki kwanaki maimakon awa ɗaya, kuma bin sawu zai yi sauƙi. Kuɗin bin ƙa'idar kuwa a cajin da mai POS ke karɓa zai ɓullo, mai sarin da ke buƙatar tsaba da yawa don biyan masu kawo masa roba ko ƙirgi shi zai fara jin sa.